Tambayi Malam: Me ya hana hodata yin haske?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, sashen kemistiri, a nan Kano. Aikin kammala karatuna shi ne haɗa ƙananan ƙwayoyin zinki oksaid, wato ZnO, da ruwan ganyen zogale, sannan in duba irin hasken da suke fitarwa. Na narkar da zinki naitiret, na zuba ruwan dafaffen zogale da soda, na tace, na busar, na gasa a digiri 400 har awa biyu. Hodar ba ta fito fara sol ba, ta ɗan yi dishi-dishi. Na ari 'yar tocilan ɗin duba kuɗi wurin yayana da ke canji a Wapa na haska ta, ban ga komai ba, sai takardar da ke ƙarƙashinta ce ta yi shuɗi. Na aika samfur wani gari aka auna, sakamako ya dawo da tudu uku a zanen awon hasken: ƙarami a tsawon zangon haske na nanomita 380, babba mai faɗi a wajajen 520, da wani siriri mai tsini a 650. Da hasken nanomita 325 aka haska samfurin. Awon XRD kuma, wato gwajin da ake haska hoda da X-ray don a ga tsarin ginin ƙwayoyinta, ya ba ni girman nanomita 28. Wasu ƙawayena sun ce aikin ya lalace, in sake daga farko. Wata ta ce in rubuta cewa 650 ɗin nan jan haske ne da zogale ya kawo, sabon abu na gano. Malam, kuɗin da mahaifina ya kashe ba kaɗan ba ne. Yaya zan yi?
Daga wata ɗaliba, Gwale.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki zubar da hodar nan, kuma kada ki rubuta abin da ƙawarki ta ƙarshe ta ce. Bisa bayaninki aikin bai lalace ba. Abin da ke gabanki shi ne ki rarrabe wane haske ne na hodar, wane ne na ragowar ganye, wane ne na na'urar da ta yi awon, don suna iya cakuɗewa a takarda ɗaya, kuma na'ura ba ta rubuta wa kowa suna.

Bari mu fara sallamar tocilan ɗin yayanki. ZnO ba kowane haske yake sha ba. Tsakanin inda elektron yake zaune a cikinsa da inda zai hau ya sami sakewa akwai tazarar da ta kai elektron-bolt 3.37 (ma'aunin ƙarfi ne) a zafin ɗaki. Ga lissafin da nake so ki haddace: ki raba 1240 da tsawon zangon haske a nanomita, abin da ya fito shi ne ƙarfin hasken a elektron-bolt. Yawancin ƙananan tocilan masu arha da ake sayarwa da sunan UV, wato hasken da ke gaba da shunayya wanda ido ba ya gani, a wajajen 395 suke haskawa, shi ya sa ido ke ganin haskensu shunayya raɗau. Raba 1240 da 395, kin sami 3.14. Bai kai ba. Hasken ya daki hodar ya dawo, bai ɗaga elektron ɗin ba, to me za ta mayar miki? Fitilar da kike buƙata ita ce ta 365, mai ba da kusan 3.4. Shuɗin takarda kuwa ba abin mamaki ba ne: masu yin farar takarda suna zuba mata wani sinadari mai shan hasken UV ya mayar da shi shuɗi don ta ƙara fari a ido, irin wanda ke cikin garin wanki. Nan gaba ki zuba hodar a kan baƙin tayil ko takardar alminiyom, ki rufe ƙofa da taga, ki ba idonki ɗan lokaci ya saba da duhun. Kuma kada ki kalli fitilar kai tsaye. Ko da haka, hodar da aka gasa takan ba da haske mai rauni, wanda na'ura ke gani ido bai gani ba.

Yanzu ga tudunki biyu na farko. Ki ɗauka yaro ne ya hau saman soro. In ya diro ƙasa kai tsaye, dira ce mai ƙarfi. In kuwa ya fara sauka a kan katanga sannan ya ƙarasa, ƙarfin dirar ya ragu. Elektron ɗin da ya dawo gurbinsa kai tsaye shi ke ba da hasken 380, wanda ido ba ya gani, ƙarfinsa kusan 3.26. Wanda ya sami wurin yada zango a tsakiyar tazara shi ke ba da hasken 520, kore, mai ƙarfin kusan 2.4. Wuraren yada zangon nan su ne naƙasun da ke cikin ginin ƙwayar: gurbin da ya kamata a ce akwai oksijin amma babu, ko gurbin zinki da ya zauna fanko, ko baƙon ƙarfe da ya shigo ba a gayyace shi ba. Da yake naƙasun ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane yana girgiza tare da maƙwabtansa, tudun yakan fito da faɗi. Na 380 kuwa matsattse ne.

Abin da ya sa ake yawan zaɓar ZnO a irin wannan aiki shi ne elektron da gurbin da ya bari suna riƙe juna da ƙarfin milielektron-bolt 60, alhali zafin ɗaki bai wuce kusan 26 ba. Zafi ba ya raba su, don haka hasken 380 yana fitowa ba sai an sanyaya samfurin ba. Gwada titaniyom dayoksaid ki ga bambanci. Nau'insa da ake kira anatas tazararsa 3.2 ce, kusa da ta ZnO, amma haskensa na kai tsaye ba ya taka kara ya karya, saboda yanayin tazarar daban ne.

Ƙawayenki suna ganin koren tudu ya fi na 380 girma sai suka ce aiki ya ɓaci. A ƙananan ƙwayoyi haka aka fi samu, kuma dalili a fili yake. Nanomita ɗaya shi ne a raba milimita gida miliyan. Ɗauki dunƙule mai santimita ɗaya ta kowane gefe, faɗin fatarsa murabba'in santimita 6 ne. Yanka shi zuwa ƙananan dunƙulaye masu nanomita 10, faɗin ya koma murabba'in mita 600, alhali nauyi bai ƙaru ba. A fatar ƙwaya ne ginin yake yankewa, a nan naƙasa ta fi taruwa, a nan kuma ruwa da iska da ragowar ganye suke maƙalewa. Ƙanƙanta da naƙasa tare suke tafiya. Kuma koren hasken nan ya daɗe yana ciyar da masana'antu. Duk wanda ya yi zamani da bidiyo mai kaset ko tsohuwar rediyon mota zai tuna lambobin nan masu haske tsakanin kore da shuɗi da ke ƙiftawa a fuskarsu. Wannan ZnO ne da aka bar masa rarar zinki da gangan, yana haskawa a wajajen 505.

Inda nake so ki yi taka-tsantsan shi ne wurin faɗin musabbabi. Kusan duk kundin ɗalibi da ya biyo ta hannuna yana rubuta cewa koren haske daga gurbin oksijin ne, a jimla ɗaya, kamar hukuncin alƙali. Maganar tana da asali: wani masani mai suna Vanheusden da abokan aikinsa sun kafa hujja a kanta a 1996. Amma tun 1969 wani masanin mai suna Dingle ya nuna cewa ɗan jan ƙarfe kaɗan a cikin ZnO shi ma yana ba da koren haske, kuma masu lissafi da kwamfuta daga baya sun karkata ga gurbin zinki. Har yau masana suna jayayya. Takardar awo ɗaya ba za ta raba wannan gardama ba, saboda haka ki rubuta cewa hasken na naƙasa ne, ki kawo ra'ayoyin, sannan ki nuna abin da gwajinki ya goyi baya. Mai jarrabawa da ya san aikinsa ya fi ganin girman wannan.

Gwajin kuma ba mai tsada ba ne. Ki kasa hodar da ta rage uku. Ki bar kashi ɗaya yadda yake, ki ƙara gasa ɗaya a 500, ɗaya a 600, a buɗe cikin iska, tsawon lokaci ɗaya. Ki tsaya ki kalli kaskon lokacin da aka fito da shi da zafinsa: hodar za ta kasance rawaya, kina kallo tana dushewa har ta koma fara yayin da take hucewa. Halin ZnO ke nan, kuma alama ce mai kyau. In ta huce amma ta tsaya a toka-toka, to gawayin ganye ne bai gama ƙonewa ba, kuma ina kyautata zaton shi ne dishi-dishin da kika gani. Gawayin nan yana shanye hasken da ke shiga da wanda ke fita. Sai ki aika ukun a auna su rana ɗaya, a na'ura ɗaya, ba tare da an taɓa saitinta ba. Kada ki kwatanta tsayin tudu a takarda da takarda, don tsayin yana sauyawa da yadda aka danna hodar a mazubi. Ki kwatanta rabon tudun 380 da na 520 a cikin kowace takarda. Yadda rabon nan yake sauyawa da zafin gashi shi ne naman babinki na huɗu.

Akwai samfura biyu da ban ji kin ambata ba, kuma in babu su zogalen ado ne kawai a taken kundinki. Na farko ZnO da kika haɗa daidai yadda kika yi amma ba ganye, gishirin zinki da soda kaɗai. Na biyu ruwan zogalen shi kaɗai, a busar a auna. Ganye yana da haskensa. Sinadarin da ke sa shi kore yana fitar da ja a wajajen 680, wasu sinadaransa kuma suna ba da shuɗi. Gashin 400 ya kamata ya kashe mafi yawansu, amma masu busarwa a 80 ko 100 su tsaya a nan sau da yawa hasken ganye suke aunawa su laƙaba wa oksaid.

To, 650. Ninka 325 sau biyu. Kin gani? Na'urar tana rarraba haske ne da wani faranti mai siraran layuka, kuma irin farantin nan yana da ɗabi'ar jefa wani ɓangare na hasken 325 a gurbin ninkinsa. Hasken fitilar na'urar ne ya daki hodar ya dawo, shi ya sa ya fito siriri mai tsini, ba kamar tudun naƙasa ba. Ki roƙi mai awon ya haska da 340. In tsinin ya tashi ya koma 680, magana ta ƙare, don hasken hoda na gaskiya ba ya bin fitila haka. Akwai gilashin tacewa da ake sawa a gaban ma'auni ya tare shi baki ɗaya. Masu aunawa a cikin ruwa su ma suna da nasu tarkon: ruwa zalla in an haska shi da 350 yana ba da ƙaramin tudu a wajajen 397, wanda ba wuya a ɗauke shi a matsayin na ZnO. Da kin shiga zauren kare kundi da 650 a matsayin sabon abu, tambaya ɗaya za ta rusa shi, kuma ragowar aikinki mai kyau zai sha zargi tare da shi.

Kan nanomita 28, abu biyu. Lissafin Scherrer, wanda ake fitar da girma da shi daga awon XRD, wanda kuma ya fito tun 1918, girman kiristal, wato guntu mai tsararren gini da ke cikin ƙwaya, yake bayarwa, ba girman dunƙulen da hoton maikuroskof zai nuna ba. Ƙwayoyin sukan manne su yi curi, don haka kada ki firgita in hoton ya nuna miki abu mai ɗaruruwan nanomita. Ki duba manyan tsinaye uku na takardar XRD ɗin a wajajen digiri 31.8 da 34.4 da 36.3, ki tabbata kin mayar da faɗin tsini daga digiri zuwa radiyan, wani ma'aunin kusurwa, kafin ki raba, don a nan ɗalibai da yawa ke faɗawa rami. Na biyu, kada ki rubuta cewa ƙanƙantar ƙwayoyinki ta faɗaɗa tazarar. Wannan yana faruwa ne idan ƙwaya ta matse elektron da gurbinsa, kuma a ZnO da'irar da suke zagaye ba ta wuce kusan nanomita 2 ba. Sai ƙwayar ta sauko ƙasa da 10 sosai ake ganin tasirin. Ta 28 fili ce mai yalwa a wurinsu.

In kina sha'awar ganin wancan tasirin da idonki, hanyar da masana biyu, Spanhel da Anderson, suka bayyana a 1991 ita ce abin bi: zinki asitet a cikin etanol, a zuba litiyom haidiroksaid, ba ganye, ba gashi. Ruwan yana nan garau kamar ba komai a ciki, amma ƙarƙashin fitilar 365 sai kwalbar ta kama haske, kuma yayin da ƙwayoyin ke girma launin yana gusawa daga shuɗi-kore zuwa rawaya. Wannan dokar ta girma da launi ce ta kai Alexei Ekimov da Louis Brus da Moungi Bawendi ga kyautar Nobel ta kemistiri a 2023, ko da yake su ba da oksaid suka yi suna ba: Ekimov da kwafa kuloraid a cikin gilashi ya fara a farkon shekarun 1980, Brus da kadmiyom salfaid a cikin ruwa a 1983, Bawendi kuma ya gyara hanyar haɗawa a 1993.

Sai wata jimla da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ana yawan rubuta cewa ruwan ganye yana rage zinki. An kwaso ta ne daga aikin ƙwayoyin azurfa, inda da gaske azurfar ke karɓar elektron ta koma ƙarfe. Zinki kuwa +2 yake a naitiret, +2 yake a oksaid. Me aka rage? Aikin ganyen, in yana da shi, shi ne ya lulluɓe ƙwayoyin ya hana su girma da mannewa. Samfurinki marar ganye ne zai nuna ko ya yi hakan. Kuma zogalen damina ba ɗaya yake da na rani ba, na lambu ba ɗaya da busasshen kasuwar Rimi ba, don haka ki rubuta inda kika samo shi, da watan, da nauyin da kika dafa a ruwa nawa.

In za ki haɗa sabon samfurin, ki kula da ruwa. Ruwan leda da na burtsatse suna ɗauke da gishiri iri-iri, kuma kin ji abin da ɗan baƙon ƙarfe ke yi wa haske. Tataccen ruwan ɗakin gwaji kaɗai, har wurin ɗauraye bika. Ki zuba sodar ɗigo-ɗigo kina motsawa. Za ki ga farin gajimare ya taso a cikin ruwan; in kika zarce da soda sai ki ga ya narke ruwan ya koma garau, don zinki haidiroksaid yana narkewa a soda mai yawa. Ki wanke abin da ya kwanta sau da dama. Lokacin hunturu kada ki shanya komai a buɗe, ƙurar Kano ba ta neman izini. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar gashi, ki rubuta a littafinki, kada ki ce awa biyu ne alhali ba haka ba. Naitiret da ragowar ganye in sun haɗu da zafi suna iya kamawa su fitar da jan hayaƙi mai guba, saboda haka ba a ɗakin girki ba, ba kuma a ɗaki rufaffe ba. Ki sa takunkumi lokacin daka hodar, tabarau da safar hannu lokacin soda. Ki gaida mahaifinki, ki ce masa awon da ya biya bai tafi a banza ba, sai dai akwai sauran ɗan ƙari.

TAMBAYA: Malam, ina sayar da kayan wuta a Sabon Gari. Ƙwan LED in na fasa shi sai in ga ƙananan ɗigo masu ruwan ƙwai, amma farin haske yake bayarwa. Kwastomomi kuma suna dawo mini da wasu, wai haskensu ya dushe ya koma shuɗi-shuɗi. Ina gaskiyar abin?
Daga wani ɗan kasuwa, Fagge.

AMSA: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Ƙarƙashin ɗigon nan mai ruwan ƙwai akwai ɗan ƙaramin guntu mai ba da shuɗin haske zalla, a wajajen nanomita 450. Abin da ka gani a sama hoda ce da aka kwaɓa da wani roba mai garau aka shafa. Mafi yawanci oksaid ce ta itiriyom da alminiyom da aka ɗiga wa siriyom, ana ce mata YAG. Tana shan wani kaso na shuɗin ta mayar da shi rawaya, ragowar shuɗin ya ratsa ya fito, ido ya haɗa su ya ga fari. Shuɗin guntun shi ne ya yi wuyar samuwa. Akasaki da Amano da Nakamura, 'yan asalin Japan, sun karɓi Nobel ta fiziks a 2014 saboda shi, kuma kamfanin Nichia ya fito da farin LED a 1996.

Lambar da ke jikin kwali ita ce jagorarka. Mai 6500K fari ne mai sanyi da ya karkata ga shuɗi tun daga masana'anta, mai 2700K ko 3000K kuma an ƙara masa hoda mai ba da ja, haskensa ya yi kama da na tsohon ƙwai. Wani kwastoman ba lalacewa ƙwansa ya yi ba, launin ne bai yi masa ba, sai ka riƙa tambaya kafin ka miƙa. Wanda ya sauya bayan watanni kuwa, zafi ne babban abokin gabarsa. Zafi yana rage ƙwazon hodar, yana kuma sa robar ta tsufa ta tsattsage, shuɗin ya sami hanyar fita ba tare da an juya shi ba. Ƙwai mai arha ba shi da isasshen alminiyom da zai kwashe zafin, ga shi an cusa shi a rufaffen gilashi ƙarƙashin kwano a watan Afrilu. Ka ɗaga biyu a hannu, sau da yawa mai nauyin ya fi ƙarko.

Tunda 'yar Gwale tana karantawa: hodar ƙwan nan ba nano ba ce, ƙwayoyinta na maikuromita ne (maikuromita ɗaya nanomita dubu ne), da gangan, domin naƙasun fatar ƙananan ƙwayoyi suna cinye haske. Dogon ƙwai na da shi ma hoda ce a shafe a cikinsa, tururin makuri, wato zaiba, ke haska ta da hasken UV na nanomita 254, kuma a masu kyau daga cikinsu itiriyom oksaid mai yurofiyom ke ba da jan kason a 611. Shi in ya fashe maka a shago, ka buɗe ƙofa kowa ya fita na ɗan lokaci, sannan a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share da tsintsiya, kuma kada ka bar yaran shago su yi wasa da farar hodar.